Uwar alade ta haihu ta ƙi cin abinci: abin da za ka duba kafin ka ɗauko sirinji

Uwar alade da ta haihu cikin dare, gari ya waye ta shinshina komi ta koma ta kwanta, ba lallai ne ciwo take yi ba. Ta shafe awa uku zuwa biyar tana naƙuda, jikinta duk ya yi tsami, in kuma ba a kwashe mabiyiya da wuri ba, wataƙila ta cinye ta cikinta ya cika. A wunin farko ƙishirwa ce ke damunta, ba yunwa ba. Abin da kake so ka gani shi ne ta miƙe ta yi fitsari, ta sha ruwa sosai, sannan ta kwanta a gefe ɗaya ta buɗe wa 'ya'yanta nono tana gurnani. In ta yi waɗannan, ko rabin kilo kaɗai ta ci, ƙyale ta ta huta.

Inda hankali ya kamata ya tashi shi ne a wuce awa 24 ba ta taɓa abinci ba, balle a kai awa 36. Kuma ba don ita kaɗai ba. Uwa mai kilo 150 za ta iya kwana uku ba ci ta rayu. Ɗan da aka haifa jiya mai kilo ɗaya da 'yan kai kusan ba shi da kitse a jiki, ɗan sukarin da ya zo da shi a hanta yana ƙarewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Da nono ya ɗauke, sai sanyi ya kama shi, ya yi laushi, ya rarrafa ƙarƙashin uwar neman ɗumi, ta juya ta danne shi. Yawancin 'ya'yan da ake cewa uwa ta danne, yunwa ce ta fara kayar da su.

Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a ruga shagon maganin dabbobi a sayo allurar bitamin da ta oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a dankara mata, a zauna jira. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa an yi wa ƙishirwa ko zafin rana ko taurin kashi allurar da ba ta shafe su ba, an ɓata kwana guda, nono kuma na ƙafewa. Ƙin cin abinci alama ce, ba ita ce cutar ba, kuma abubuwan da ke jawo shi bayan haihuwa ba su da yawa. Minti goma sun isa ka tantance su in ka bi a hankali.

Fara da ma'aunin zafin jiki. Na kemis mai batir ya wadatar, kuɗinsa ko kusa bai kai na ɗan alade ɗaya ba. Shafa masa ɗan man gyaɗa, ka zura shi a dubura kamar santimita biyar, ka karkata shi ya jingina da bangon hanji, don in ya nutse cikin kashi awon zai yi ƙasa. Lokacin da take shayarwa ya fi sauƙi, ba ta cika motsi ba. Auna da sassafe da kuma yamma liƙis, kada ka auna da tsakar rana ko bayan ta ci abinci. Lafiyayyiyar uwa tana tsakanin digiri 38.3 da 39. A ranar haihuwa da washegari zafin kan ɗan hau zuwa 39.4 ba tare da wata cuta ba. Daga 39.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Ya wuce 40, yau za a yi magani, ba gobe ba. In kuwa ya faɗi ƙasa da 38, kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi, tana kwance ba ta tashi, wannan ya fi zazzaɓi muni: ko jini na zuba a ciki, ko guba ta bi jini, ko ƙoda ta taɓu. A kira likitan dabbobi nan take.

Wannan awo shi ke raba hanya biyu. Akwai zazzaɓi, ka nufi hantsa da mahaifa. Babu zazzaɓi, ka nufi ruwa, kashi, zafin ɗaki da abincin kansa.

Mu ɗauka akwai zazzaɓi. Tun kafin ka taɓa ta, kwanciyarta za ta gaya maka wani abu. Uwar da hantsa ke mata ciwo rub da ciki take kwanciya, ta ɓoye nonon a ƙasa, 'ya'ya na zagaye ta suna ihu. Sa tafin hannu ka taɓa kowane nono ɗaya bayan ɗaya, har na jerin ƙasa da take kwance a kai, domin shi aka fi mantawa. Lafiyayyen nono yana da ɗumi da cika, amma yana lotsuwa. Wanda ya kamu yana da zafi da tauri, fatar ta yi ja ko shuɗi-shuɗi, in ka danna da yatsa gurbin ya daɗe bai koma ba, ita kuma ta zabura. Na baya-baya sun fi kamuwa, su ne suka fi kusa da kashi da fitsari. Ƙwayoyin cutar da ke haddasa wannan, irin su E. coli da Klebsiella, daga kashinta da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa suke shiga ta bakin nono. Garin katako da ya jiƙe ya kwana a ɗaki matattararsu ce. Gubar da suke saki tana danne sinadarin jiki mai sa a yi nono, shi ya sa ko nono biyu kawai suka kumbura sai ka ga dukkan hantsar ta rage ruwa. Abin yakan bayyana tsakanin awa 12 da kwana uku bayan haihuwa.

Daga nan ɗaga wutsiya ka duba farji da ƙasan inda take kwance. Ɗan ruwa fari-fari ko mai yauƙi, marar wari, a kwana biyu zuwa uku na farko, wankin mahaifa ne, ba abin damuwa ba. Ruwa mai yawa, ruwan ƙasa ko mai kama da mugunya, mai ɗoyi, ciwon mahaifa ne. In ga ɗoyi ga kuma yunƙuri, tana ɗaga ƙafar baya tana nishi kamar naƙuda ba ta ƙare ba, to akwai ɗan da ya maƙale ya mutu ko guntun mabiyiya da ya rage. Mabiyiya kan gama fita cikin awa huɗu bayan ɗan ƙarshe. Haihuwar da ta ja fiye da awa biyar, ko wadda aka sa hannu aka ciro 'ya'ya, ita ta fi kawo wannan matsala.

In dole sai an sa hannu, mai siririn hannu ne zai sa, ya yanke farce, ya wanke har kafaɗa da sabulu, a wanke bayan uwar da ruwan ɗumi, ya sa doguwar safar hannu ya shafa man santsi da yawa. Ya haɗe yatsu wuri guda ya shiga a hankali yana karkata sama, ya tsaya duk lokacin da ta yi yunƙuri. Ba a shiga don leƙe kawai. Kowace shiga ƙwayoyin cuta take kaiwa ciki, don haka duk uwar da aka sa wa hannu sai a bi ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ɗan da ya kwana biyu a mace ya kumbura ba aikin mai kiwo ba ne, jan sa da ƙarfi yana yaga mahaifa.

Maganin uwa mai zazzaɓi kashi uku ne, kuma wanda aka fi rainawa shi ya fi saurin mayar da ita bakin komi, wato maganin zafi da kumburi. Meloksikam ana ba da miligiram 0.4 ga kowane kilo, wato mil 2 ga kilo 100 in kwalbar mai miligiram 20 a kowane mil ce, a iya maimaitawa sau ɗaya bayan awa 24. Fuluniksin kuwa miligiram 2.2 ga kilo. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su, kuma ba a ba uwar da ake zargin tana da gyambon ciki ko wadda ba ta shan ruwa. Da raɗaɗi ya sauka za ka ga ta juya ta ba da nono, sau da yawa cikin 'yan awoyi.

Na biyu oksitosin, mai sa nono ya sauko, mahaifa kuma ta matse ta fitar da abin da ya rage. Yawancin kwalabe yunit 10 ne a kowane mil, kuma rabin mil zuwa mil ɗaya ya isa, a maimaita bayan awa uku zuwa huɗu a ranar farko in da buƙata. Aikinsa 'yan mintoci ne, saboda haka ka tara 'ya'yan a kusa, da ka yi allurar ka jera su a nono, ƙananan a gaba. Kurakurai biyu ake yi da shi. Wasu kan zuba mil uku ko biyar don a ga aiki da sauri, sai mahaifa ta ƙanƙame, uwar ta ƙara wahala. Wasu kan yi shi alhali akwai ɗan da ya toshe hanya, wanda hakan kan iya fasa mahaifa. Sannan oksitosin ba ya ƙirƙirar nono, wanda ke ciki kawai yake turowa. Zafi kuma yana rage masa ƙarfi, kwalbar da ta yi wata da watanni a kan kanta cikin rana ba abin dogaro ba ce.

Na uku maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haɗin tiraimetofirim da salfa, ko amoksisilin, su aka fi farawa da su, kwana uku zuwa biyar. Amoksisilin mai dogon aiki mil 1 ne ga kilo 10, a maimaita bayan awa 48. Oksitetrasaikilin mai dogon aiki shi ma mil 1 ga kilo 10, sai dai an yi ta amfani da shi barkatai har ƙwayoyin cuta da yawa sun daina jin sa. Bi abin da ke jikin kwalba, domin ƙarfinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma zaɓin ya fi kyau ya fito daga likitan da ya ga dabbar. In awa 36 zuwa 48 suka wuce zafi bai sauka ba, maganin bai dace da cutar ba, ƙara yawansa ba zai yi komai ba.

Duk waɗannan awo sun dogara da nauyi, kuma ƙiyasin ido yakan gaza. Ga hanya da tef ɗin tela. Auna kewayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, duka a mita. Ninka kewaye da kansa, ka ninka da tsawo, ka ninka da 69.3. Uwa mai kewaye 1.3 da tsawo 1.3 za ta ba ka kusan kilo 152. Wurin allura shi ne naman wuya, yatsa uku bayan gindin kunne, allurar ta shiga a miƙe. Sai doguwa, mai inci ɗaya da rabi, lamba 16 ko 18. Gajeriyar allura a kitse take zubar da magani, can zai zauna bai bi jini ba, ƙarshe ya zama ƙurji. Kada a zuba fiye da mil 10 a wuri guda, oksitetrasaikilin mai dogon aiki ma mil 5. Ban da cinya.

Hantsar kanta tana son hannu. Tsoma tawul a ruwan ɗumi ka gasa nonon da ya taurare sau uku a rana, ka murza a hankali daga sama zuwa baki, ka tatse ɗan abin da ya fito. Ka bar 'ya'ya su ci gaba da tsotso, domin nonon da aka bari kwana uku ba a sha ba ya ƙafe ke nan har haihuwa ta gaba. Duba bakin nono ko fiƙoƙin 'ya'yan sun yayyanka shi. Wata uwar ba komai ke hana ta shayarwa ba sai wannan raɗaɗi.

Yanzu ɗaya hanyar. Zafin jiki daidai, hantsa lafiya, ba ɗoyi, amma ta ƙi ci. A nan ruwa ne abin tuhuma na farko, kuma a ganina shi ne babban abin da ke hana iyayen aladu ci a ƙananan gonaki. Nonon alade kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, uwa mai 'ya'ya goma kuma tana iya yin lita takwas zuwa goma a rana. Buƙatarta lita 25 zuwa 35 ce kullum, da bazara har 40. Wato jarka mai lita 25 ba ta isar uwa ɗaya a wuni. Mai zuba bokiti ɗaya da safe ɗaya da yamma, ta kifar da rabi, ya san inda matsalarsa take. Alade ba ya cin busasshen abinci da ƙishirwa. Inda ake amfani da famfon tsotso, tara kwalba ka gani, ya kamata ya ba da aƙalla lita biyu a minti. Uwar da ta gaji ba za ta tsaya minti ashirin tana tsotsar ɗigo ba, komawa za ta yi ta kwanta. Tankin da ke rana kuma ruwansa kan yi zafi ta ƙi sha. A kwana ukun farko, ko da famfo, zuba mata ruwa mai sanyi a komi, ka tashe ta sau uku ko huɗu a rana ta sha ta yi fitsari. Fitsari kaɗan mai duhu shaidar ƙarancin ruwa ne, mai jini ko mugunya kuwa ciwon mafitsara ne. In ta daɗe sosai babu ruwa, kamar wuni da kwana, kada ka sake mata shi gaba ɗaya. Ba ta lita biyu duk rabin awa, domin shan da yawa lokaci guda bayan doguwar ƙishirwa yana kumbura ƙwaƙwalwa ya sa farfaɗiya.

Sai kashi. Tambayi kanka yaushe rabon da ka share kashi a ɗakinta. Hanji yakan yi sanyin aiki dab da haihuwa, jiki na janye ruwa zuwa hantsa, ga rashin motsi, sai kashi ya bushe ya zama ƙananan curi masu tauri, ko ya tsaya cak kwana biyu, uku. Cikin da bai fitar ba ba ya karɓa. Kashin da ya daɗe a hanji kuma yana ba gubar ƙwayoyin cuta damar shiga jini, ta nan taurin kashi ke zama ƙofar zazzaɓi da ɗaukewar nono. Jiƙa dusar alkama kilo ɗaya da ruwan ɗumi ta yi ruwa-ruwa, ka sa gishirin Epsom na kemis cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci, sau ɗaya a rana, kwana biyu ko uku, muddin tana shan ruwa. Rabin kofin shayi na man gyaɗa ko manja a cikin abinci shi ma yana taimakawa. Ɗanyen ganyen dankali, gwanda, kabewa da alayyahu suna saki ciki, kuma sau da yawa su ne abin da za ta fara karɓa. Fito da ita ta taka na minti goma da sanyin safiya, galibi a nan za ta yi kashin. Ɗura ba ta da kyau ga alade. Tana ihu ana zuba mata ruwa ko mai a baki, sai ya bi ta huhu, a sayo ciwon da ya fi na farko.

Zafin ɗaki na da wuyar sha'ani, domin uwa da 'ya'ya ba abu ɗaya suke so ba. Ita tana jin daɗi tsakanin digiri 16 da 22, su kuwa a makon farko suna son 30 zuwa 34. Alade ba ya gumin da zai sanyaya shi, narkar da abinci da yin nono kuma suna ƙara masa zafi, don haka dabarar jikinsa ita ce rage ci. A gwaje-gwajen da aka yi a Faransa, uwayen da aka ajiye a digiri 29 sun ci kusan rabin abin da na digiri 18 suka ci. To ina ga ɗaki mai gajeren rufin kwano a Numan ko Makurdi cikin watan Maris da Afrilu? Ƙirga numfashinta tana kwance. Ƙasa da 30 a minti lafiya, ya haura 40 zafi na damunta, ya kai 60 baki buɗe tana haki kuwa haɗari ne. Jiƙa mata wuya da kafaɗu, ko ka rataye jarka mai ɗan huji tana ɗiga a wuyanta, ko ka shimfiɗa mata jiƙaƙƙen buhun algarara. Kada ka kwara mata ruwa duk jiki, hantsa da ƙasa za su jiƙe, sanyi ya kama 'ya'ya. Ɗora ciyawa ko zana a kan kwanon, ka buɗe iska ta sama. 'Ya'yan kuma a yi musu akwati a kusurwa da busasshiyar ciyawa da fitila, ba a ɗumama ɗakin duka ba. A Jos da kewaye lokacin hunturu wannan kuskure ya fi yawa: a toshe kowace kafa da leda da buhu saboda 'ya'ya, uwar ta rasa iska. Abinci mai yawa a ba ta shi da asuba da bayan faɗuwar rana.

Abincin kansa fa? Sa hannu cikin komin ka shinshina. Ragowar jiƙaƙƙen abinci yana tsami cikin 'yan awoyi a lokacin zafi, hancin alade kuma ya fi naka nesa ba kusa ba. Zuba sabo a kan tsoho ɓarnar duka biyun ne. Dusar burukutu da ta wuce kwana biyu zuwa uku ta fara ruɓa. Masarar da ta yi fumfuna a damina tana ɗauke da guba, wata irinta aikinta ke nan, hana alade ci da sa shi amai. Ɗanyen waken suya da ba a gasa ba yana hana narkewar abinci. Canza abinci a ranar haihuwa shi ma yana sa ta juya kai. In za a koma abincin shayarwa, a fara gauraya shi kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar, wadda ba ta ɓuya ga mai rubuta ranar barbara: wata uku, mako uku, kwana uku, wato kwana 114.

Wata uwar kuma tun ran gini ran zane. Wadda aka cika wa komi duk tsawon ciki har ta yi ƙiba, ba a jin ƙashin ƙugunta ko an danna, ita ce ke daɗewa a naƙuda, ita ce kuma ke ƙin ci bayan haihuwa, domin kitsen jikinta na narkewa cikin jini yana kashe mata sha'awar abinci. Kilo 2 zuwa 2.5 na abinci mai kyau a rana ya ishi mai ciki irin Large White ko Landrace, 'yar gida kuwa ƙasa da haka. Mai haihuwar fari dama cikinta ƙarami ne, ga tsoro. Rage mata hayaniya da masu zuwa kallo. Duba ƙafafu ma. Wadda kofato ko gwiwa ke wa ciwo, ko siminti ke da santsi, tana son ci amma tashin ne ba ta so. Kai mata abincin gaban hancinta, in ta ci, ka gano.

Alamu biyu ba sa jira. Uwa ta yi fari fat, dasashi da farji ba jini, kashi baƙi mai danƙo, tana cizon haƙora ko amai: gyambon ciki ne ke zubar da jini, abinci mai laushin niƙa sosai da zama da yunwa ke kawo shi. Ɗaya kuwa ita ce zazzaɓi mai tsanani, 40.5 zuwa 42, kunnuwa da ciki da ƙafafu sun yi ja ko shuɗi, kuma ba ita kaɗai ba, wasu aladun ma sun daina ci. Wannan ba ciwon haihuwa ba ne. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997 ya kuma yi mummunar ɓarna a gonar aladu ta Oke-Aro da ke kusa da Legas a 2020, haka yake farawa, kuma ba shi da magani. Tuna ko an shigo da sabon alade, ko an aro namiji, ko wani dillali ya shiga ɗakin da takalmin da ya zaga kasuwa irin ta Katsit da ke kusa da Kafanchan. Rufe gonar, kada komai ya fita, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana gwajin tabbatarwa. Akwai wata cutar mai kama da zazzaɓin aladun da ke fitar da tabo masu kusurwa huɗu a fata, ita penisilin na kashe ta cikin sauri, amma likita ne zai raba su.

Duk wannan bincike da ake yi, 'ya'ya na jira. Kowane ɗa na buƙatar dakashi kamar giram 200 zuwa 250 a awa 24 na farko, mafi amfani a awa shida na farko, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina shigar da garkuwar da ke ciki. In uwar ta kasa tun ranar farko, tatso ta bayan allurar oksitosin, ko ka tatsi wata da ta haihu a ranar, ka ba kowanne mil 15 zuwa 20 da sirinji marar allura, a hankali a kan harshe. Ɗan da ya yi sanyi a fara ɗumama shi kafin a ba shi komai. Lafiyayyun 'ya'ya suna shan nono kusan duk awa, su koma su yi barci cikinsu a cike. In ka ga suna yawo, gashi a tsaye, kwiɓi a lotse, suna shan ruwan ƙasa, nono bai isa ba. In akwai uwar da ta haihu cikin kwana biyu zuwa uku kuma tana da nonon da ba mai shi, mayar mata da manyan, ka haɗa su da nata a kwando na ɗan lokaci warinsu ya gauraya. In babu, madarar shanu ko ta akuya da aka tafasa ta huce, lita ɗaya da gwaiduwar ƙwai ɗaya, domin nonon alade ya ninka na saniya maiƙo. Mil 20 zuwa 30 duk awa biyu, da ɗumin jiki. Ban da sukarin shayi, hanjin jariri ba ya narkar da shi, zawo zai sa. Gulukos ne ya dace. Ko ana ba su madara, a bar su a jikin uwa, tsotsonsu ne ke dawo da nono. Allurar ƙarin jini ta sinadarin ƙarfe da ake yi wa 'ya'ya a kwana na uku, miligiram 200, kada a fasa ta saboda uwa ba lafiya.

Da ta fara karɓa, kada murna ta sa ka cika komi. Fara da rabin kilo zuwa kilo ɗaya, a jiƙe, kashi ɗaya abinci kashi biyu ruwa, da ɗumi-ɗumi. Ɗan mazarƙwaila, ko garin busasshen kifi, ko dafaffen ƙwai biyu, suna jawo ta. Abin da ta bari bayan rabin awa a kwashe a wanke komin. Ƙara rabin kilo kowace rana, a raba sau uku ko huɗu, har a kai cikakken awo wajen kwana bakwai zuwa goma: kilo 2 domin jikinta, da kusan rabin kilo domin kowane ɗa. Mai 'ya'ya takwas ke nan tana neman kilo 6. Wanda ya yi tsalle daga kilo ɗaya zuwa biyar a rana ta uku zai ga ta sake ƙin ci a rana ta biyar, hantsa kuma ta cika ta taurare.

Tunda cikinta ba ya ɗaukar da yawa, kowace loma ta zama mai amfani. Jiƙaƙƙiyar dusar burukutu kashi uku cikin huɗu ruwa ce, bokitin kilo 10 bai wuce kilo biyu da rabi na abinci ba. Ga haɗin kilo 100 da ke ba da furotin kashi 16 zuwa 18: masara 58, gasasshen waken suya ko tunkuzarsa 25, dusar alkama 12, garin ƙashi 2.5, manja 1.5, gishiri 0.5, firimiks (garin haɗin bitamin da ma'adinai) 0.25, laisin (sinadarin gina jiki da ake ƙara wa abincin dabbobi) 0.25. A lokacin zafi ana iya ƙara manja zuwa kilo 3 a rage masara, domin mai ba ya ɗumama jiki wajen narkewa kamar dusa. Auna mudunka a sikeli sau ɗaya ka san nauyinsa, mudun dusa da mudun masara ba ɗaya ba ne.

Uwar da ta yi mako guda tana ɗan tsakura za ta ci gaba da yin nono daga naman jikinta. In ta zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ƙashin baya ya fito, kafaɗa ta fara gyambo saboda kwanciya a siminti, ba za ta nemi namiji a kwana huɗu zuwa bakwai bayan yaye kamar yadda aka saba ba, haihuwa ta gaba kuma 'ya'yan za su ragu. Irin wannan a fara sa wa 'ya'yanta abincin kansu tun suna kwana bakwai zuwa goma, a yaye manyan a mako huɗu a bar mata ƙananan, sannan a tsallake neman namiji na farko ta murmure. Wadda nononta masu aiki suka koma ƙasa da goma, ko ta maimaita wannan ciwo a haihuwa biyu a jere, riƙe ta asara ce. Sai dai kafin a kai ta kasuwa ko a yanka, a duba kwanakin jira da ke jikin kwalbar maganin da aka yi mata. Na masu dogon aiki yakan kai mako uku zuwa huɗu, ana kuma ƙirgawa ne daga allurar ƙarshe.